Godiya bayan sallamar Baba daga asibiti

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, an sallami mahaifinmu ya dawo gida, jiki kuma da sauƙi. A madadin Hajiya da mu 'ya'yansa, muna godiya ga duk wanda ya zo dubiya, da masu aiko abinci, da waɗanda suka sa shi a addu'a daga nesa. Likitoci da nas-nas na ɗakin maza, Allah ya saka da alheri.

Amma akwai baiwar Allah ɗaya da ya zama dole in ware, wato mai harhaɗa magungunan da ke bin likitoci zagayen safe. Mu a da, mun ɗauka aikin 'yan famasi bai wuce miƙo magani ta taga ba.

Cikin dare aka kawo Baba da ciwon ciki da gudawa, ko magana ba ya iya yi, katinsa na zuciya kuma yana wani asibitin. Aka rubuta masa Flagyl. Da gari ya waye sai ta zo bakin gado ta ce, "Hajiya, don Allah a kawo min duk maganin da Baba yake sha a gida, har wanda aka saya a kemis." Aka kawo leda, ta zazzage. Tana ganin warfarin, maganin tsinka jini da yake sha tun da jini ya taɓa daskare masa a ƙafa, sai ta tsaya.

Ashe Flagyl yana hana hanta sarrafa warfarin, sai ya taru a jiki, jini ya tsinke fiye da kima, mutum ya yi ta zubar da shi ta ciki ba a sani ba. A ledar kuma ga diclofenac na ciwon gwiwa, wanda shi ma yana ƙara haɗarin. Ba ta yi gaban kanta ba, ba ta kuma kunyata kowa a gabanmu ba. Likita ta samu suka yi magana, aka canza maganin, aka yi gwajin INR na auna tsinkewar jini, wanda ta ce ga irinsa ana so ya tsaya tsakanin 2 da 3.

Abin ba ƙarami ba ne. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da gangami kan kurakuran magani, ta kiyasta asarar da suke jawowa a dala biliyan 42 duk shekara. A ganina, ɗakin kwanciya da babu irinta yana da giɓi, komai ƙwarewar likitansa.

Allah ya yi mata albarka, ya jiƙan magabatanta.

Masu zuwa gaishe da Baba, bayan la'asar ya fi. Kuma don Allah kada a zo masa da jiƙe-jiƙe ko maganin ciwon jiki. Ko zogale da alayyafo, saboda warfarin ɗin, an ce ya ci daidai yadda ya saba, kada a ƙara masa.