Kada Ku Raɗa wa Katantanwa Suna Kafin Ku Ga Bayanta

Duk wanda ya tashi a Damagaram ya san dutse tun yana ƙarami, domin tsakanin Birni da Zango mutum ba ya tafiya mai nisa bai ci karo da manyan duwatsun nan masu santsi da suka hau kan juna ba. Sai dai dutsen garinmu giranit ne, wanda ya daskare daga narkakken dutse a can ƙarƙashin ƙasa, kuma irinsa ba ya adana gawar kowace halitta. Mai neman katantanwar teku da ta rikiɗe ta zama dutse sai ya bi hanyar Agadas ya nufi Damargu, wajen Tanut, kusan kilomita 150 arewa da Zinder. A can ne farar ƙasa da laka suke shimfiɗe hawa-hawa a jikin tuddai, ragowar wani teku marar zurfi da ya ratsa Sahara kimanin shekaru miliyan 94 da suka wuce, a zamanin da masana ke kira Kiretase, ya haɗa tsohon tekun Tetis na arewa da kwarin Binuwai a kudu.

A can na yi kuskuren da nake son in ba ku labarinsa, ƙannena masu sha'awar ilimin ƙasa, don kada ku biya kuɗin da na riga na biya.

Lokacin ina ɗalibi na je Damargu cikin ɗari, na yi kwanaki ina tsintar abin da ruwan sama da iska suka tono. Na samu kawa da yawa, wato halittar teku mai ɓawo biyu, na samu amonit, wato naɗaɗɗun halittun nan masu ɗakuna a ciki waɗanda sabon shiga yakan ɗauka dodon koɗi ne alhali ƴan uwan dabbar teku mai hannaye takwas da ake kira octopus ne, na kuma samu wasu dunƙulallun katantanwu masu girman ƙwan zabuwa, waɗanda suka fi komai ɗaukar hankalina. Duk na zuba su a buhu ɗaya. Ban rubuta tudun da kowace ta fito ba, balle hawan dutsen da take ciki, kuma na haɗa wadda na ciro da guduma daga jikin dutse da wadda na tsinta a gindin tudu bayan ta gangaro daga inda Allah kaɗai ya sani. A ganina na lokacin, ai duk Damargu ce. Ban fahimci cewa tazarar taku goma a jikin tudu tana iya zama tazarar dubban ɗaruruwan shekaru ba, kuma amonit ɗin da na cakuɗa da sauran su ne agogon da ake gane shekarun kowane hawa da shi, saboda nau'o'insu suna saurin sauyawa. Da na bar kowace katantanwa tare da amonit ɗin da ta kwanta kusa da shi, da ta zo da takardar haihuwarta a hannu.

Wannan ɓarna ce babba, amma ba ita ce ta fi ba ni kunya ba. Da na dawo gida na wanke dunƙulallun nan, na jera su a kan tabarma, na duba littattafai biyu ko uku da nake da su, ban ga hoton da ya yi daidai da su ba. Nan take zuciyata ta raya mini cewa na gano sabon nau'i. Na zauna na rubuta bayani shafi huɗu, na auna tsawo da faɗi, na ƙirga zagaye, har na ƙirƙiro suna na Latin da sunan Damagaram a ciki, ina ta maimaita shi a baki don in ji daɗinsa.

Malamin da na kai wa ya juya ɗaya daga cikinsu a tafin hannunsa, ya kai ta kusa da taga, sannan ya tambaye ni: "Ɗana, ina ɓawon?" Na ce ai shi ne yake riƙe da shi. Ya girgiza kai, ya ce abin da yake riƙe da shi laka ce da ta cika cikin katantanwar bayan dabbar ta mutu, ta daskare, ɓawon kuwa ya narke tun da daɗewa. Ya nuna mini siririn ramin da ya zagaya tsakanin zagaye da zagaye, inda farce yake iya shiga, ya ce nan ne mazaunin ɓawon da ya tafi. Galibin dodon koɗin teku suna gina ɓawonsu da aragonit, ma'adinin da ruwan ƙarƙashin ƙasa yake saurin narkarwa, kawa kuwa da kalsit take gina nata, shi ya sa kawar da na kawo ta zo da ɓawonta cif, katantanwuna kuma suka zo tsirara.

Ku ɗauki malmalar tuwo. Tana fitowa da siffar cikin ƙwaryar da aka mulmula ta, amma ba za ta taɓa gaya muku irin zanen da ke bayan ƙwaryar ba, ko na wuƙa ne ko na wuta, ko ma babu zane sam. Ƙwarya goma masu zane daban-daban suna iya ba da malmala iri ɗaya. To, a wajen dodon koɗi, kusan duk abin da ake rarrabe nau'i da shi a baya yake: jijiyoyin da ke bin zagaye, haƙarƙarin da ke gicciye su, ƙuraje da ƙayoyi, siraran layukan girma da ke nuna yadda leɓen baki yake a kowane mataki na rayuwa, siffar bakin kansa, ko akwai cibiya a gindi ko babu, da kuma ɗan mitsitsin ɓawon farko da ke can ƙololuwa, wanda dabbar ta gina tun tana tsutsa, wanda sau da yawa shi ne yake raba gida da gida. A dangin Turritella, dogayen katantanwu masu kama da ƙusa mai murɗi waɗanda Lamarck ya sa wa suna a 1799, lanƙwasar layin girma da jerin yadda jijiyoyi suke bayyana ɗaya bayan ɗaya su ne hujja. Idan babu su, kusan duk ƴan dangin kama ɗaya suke yi. Ni kuwa na rubuta shafi huɗu a kan malmala.

Ba wai cikon ciki ba shi da amfani ba ne, kuma a nan nake ganin wasu suna wuce gona da iri, suna zubar da shi kamar tsakuwa. Malamin ya nuna mini wani ɗan kwari da ya sauko tsaye a jikin zagayen ƙarshe na biyu daga cikin nawa, ya ce irin wannan yakan fito ne idan dabbar tana kaurara leɓenta ta ciki lokaci zuwa lokaci, kuma alama ce da aka san dangin Tylostoma da ita, wanda Daniel Sharpe ya bayyana a 1849 daga duwatsun Fotugal, aka kuma same shi a shimfiɗun Kiretase na Arewacin Afirka. Wato cikon ya isa ya kai mu ƙofar dangi, amma bai isa ya shigar da mu ɗakin nau'i ba. Akwai ma waɗanda sirrinsu a ciki yake, kamar gidan Nerinea da ya ƙare a Kiretase, waɗanda sai an tsaga su biyu an goge an ga naɗe-naɗen da ke cikin zagaye kafin a san ko su wane ne. Abin da ya kamata in yi a Damargu shi ne in ɗauko dutsen da katantanwar take kwance a ciki tare da ita, domin ramin da ta bari a jikinsa yakan riƙe hoton bayanta, kuma idan aka zuba silikon a ciki aka ɓare, sai zanen da ya ɓace ya dawo. Ni da hannuna na farfashe waɗannan ramuka na yar, ina murna na fitar da ƙwaya daga ɓawo. Guda ɗaya tak ta zo da ɗan guntun ɓawo a manne, ita ma na jiƙa ta da asid don ta yi haske, guntun ya yi kumfa ya tafi.

Sai kuma maganar karatu. Rashin ganin hoto a littattafai uku ba hujja ba ce, shaida ce kawai ta ƙarancin littattafaina. Damargu ba sabon wuri ba ne ga masana: tun 1909 Bafaranshe René Chudeau ya bayyana amonit daga can, ciki har da Vascoceras cauvini, a 1943 kuma Schneegans ya kafa dangin amonit mai suna Nigericeras. Tun da tekun ɗaya ne, dabbar da ta rayu a Tanut tana iya kasancewa an riga an sa mata suna daga Tunisiya ko Masar ko arewa maso gabashin Najeriya, da Faransanci ko Jamusanci ko Ingilishi, shekaru ɗari kafin a haife ni. Dokar sunayen dabbobi ta duniya tana bai wa sunan da ya riga fita fifiko, ana kuma fara lissafi daga 1758, shekarar bugu na goma na Systema Naturae na Linnaeus, wanda ya daidaita tsarin suna biyu, na dangi da na nau'i. Dokar ba ta da sani ba ta da sabo. Michel Adanson ya yi kyakkyawan aiki a kan katantanwun Senegal, amma da yake littafinsa ya fito a 1757, kuma ba bisa wannan tsari ba, sunayensa ba su shiga lissafi. Idan wannan ya sami Adanson, ina ga ɗalibin da bai leƙa ko'ina ba? Da sunana ya fita, da ƙarshensa ya zama suna na biyu da wani zai ɓata lokaci yana sokewa.

Na kuma raba samfurorina gida biyu, manya da ƙanana, ina shirin cewa nau'i biyu ne. Ƙananan ƴaƴa ne kawai, wasu kuma nauyin ƙasa ne ya matse su suka baje. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane, amma a wannan sana'a akasin haka ma yana cizo, domin uwa da ɗa suna iya saɓawa a ido. Maganinsa shi ne yawan samfuri daga hawa ɗaya, a auna tsawo da faɗi da kusurwar ƙololuwa na kowane, a jera su daga ƙarami zuwa babba, a ga ko akwai giɓi na gaskiya ko kuwa tsani ne marar yankewa.

Idan bayan duk wannan kun tabbata abin da ke hannunku sabo ne, to akwai sharuɗɗa. Sunan da aka wallafa bayan 1930 dole ya zo da bayani a rubuce mai nuna abin da ya bambanta shi da makusantansa, ba yabon kyansa ba. Tun daga farkon shekarar 2000, dole a faɗa a fili cewa sabon nau'i ake kafawa, a ware samfurin da sunan zai rataya a kansa, a kuma ambaci inda za a ajiye shi. Daga 2012 an yarda da wallafa ta intanet kaɗai, muddin an yi wa aikin rajista a ZooBank, rumbun rajistar sunayen dabbobi na intanet. Hoto kuwa a ɗauke shi ƙololuwa a sama, baki yana kallon mai duba, a sake ɗauka ta baya, da ma'auni a gefe, haske yana zuwa daga sama ta hagu kamar yadda aka saba. Samfurin asali ba kayan ɗaki ba ne. Wurinsa ma'ajiyar jama'a mai lamba da rajista, irin Gidan Tarihi na Boubou Hama da ke Yamai ko tarin jami'a, inda wanda ya yi shakkar maganarku bayan shekaru hamsin zai je ya ɗauka ya duba. Ku kuma nemi izinin hukuma kafin ku tona ko ku fitar da wani abu daga ƙasa, ku gaida mai gari da masu gonakin da za ku ratsa.

Abin da na fi jinkirin koyo shi ne cewa ilimin ya tanadi hanyar faɗin iyakar sanin mutum ba tare da kunya ba. Idan ka gane dangi ba ka gane nau'i ba, sai ka rubuta sunan dangin ka bi shi da sp. Idan samfurinka ya yi kama da wani sanannen nau'i amma ya lalace har ba ka iya rantsuwa, sai ka sa cf. kafin sunan. Idan kana ganin ɗan uwansa ne na kusa amma ba shi ba ne, sai ka sa aff. A da ina ɗaukar waɗannan gajerun haruffa alamar gazawa, ina ganin ƙwararre shi ne mai suna a baki ga kowane dutse. Yanzu idan na ga jerin sunaye daga wurin da na san ciko ne ya fi yawa, babu sp. ko cf. ko ɗaya a ciki, marubucin nake zargi.

Na koma Damargu bayan wasu shekaru da ƙananan jakunkuna da littafi da fensir, na auna tudun hawa-hawa daga gindi zuwa sama, kowace jaka da lambarta a ciki da waje, kowace lamba da shafinta. Na yi kwanaki fiye da na farko, na dawo da abin da bai kai rabin na farko ba. Dunƙulallun nan na tafiyar farko suna nan a cikin wani tsohon gwangwanin madara, ina fito da su idan ɗalibai sun zo, in sa su zura farce a ramin da ɓawon ya bari. Takardar da ke cikin gwangwanin an rubuta mata: Tylostoma sp., Damargu, ba a san hawa ba.