Kafin ki sayi man kare fuska daga rana

Ƙannena mata, musamman ku ɗalibai da ke shan ranar Samaru da Kongo a Zariya, in fatarki irin tawa ce, wadda abu kaɗan ke sa ta raɗaɗi da ƙuraje, kada lambar da ke jikin kwalba ta ruɗe ki. Ni ta ruɗe ni. Sanskirin ɗina na farko, wato man kare rana, don babbar lamba na saya, mai kauri, mai ƙamshi. A bazara nake shafa shi, kafin in isa aji gumi ya kwaso shi ya zuba mini a ido, ina hawaye a cikin Keke Napep. Bayan 'yan kwanaki ƙananan ƙuraje suka feso a goshina da gefen hanci, na jefa shi ƙasan akwati, na ce ai mu baƙaƙe ba ma buƙata.

Nan ma na yi kuskure. Baƙar fata ba ta saurin ƙonewa, gaskiya ne, amma rana ce ke sa tabon ƙurji ya ƙara duhu ya ƙi tafiya. Ga wadda ta taɓa shafa man bilicin kuwa abin ya fi muni, domin fatar ta riga ta yi rauni.

Lambar nan ta jikin kwalba ita ce SPF, ma'aunin ƙarfin kariyar man. SPF 30 yana tare kusan kashi 97 cikin 100 na hasken UVB, mai ƙona fata. SPF 50 kusan 98. Kin ga bambancin bai taka kara ya karya ba. Daga 30 zuwa sama ya wadatar, muddin an nuna yana tare UVA ma, wanda ke kawo duhu da saurin tsufan fata. Duba haruffan UVA cikin da'ira, ko PA da alamomin tarawa uku ko huɗu.

Bayan kwalbar, inda ake jera sinadaran da ke ciki, ya fi gabanta amfani. Masu zinki oksayid ko titaniyam dayoksayid su ne suka fi zama lafiya da fata mai saurin ɓaci, kuma ba su cika shiga ido da zafi ba. Aibinsu ɗaya: suna barin fari. Na taɓa zuwa biki fuskata furu-furu kamar na fito daga injin niƙa, sai da wata gwaggona ta ja ni gefe ta ce, “Ke 'yar nan, ko ba ki duba madubi ba?” Daga baya na gane akwai masu launi, waɗanda ake sa wa sinadarin tsatsar ƙarfe; suna sajewa da fatarmu, kuma suna taimakawa wajen hana tabo ƙara duhu. Turare kuwa ki guje shi gaba ɗaya, haka mai yawan alkohol, musamman da hunturu, lokacin da fuska ta riga ta bushe tana tsagewa. A wannan lokacin ki fara shafa man da kika saba, ya ɗan shige, sannan sanskirin.

Abin da masu talla a TikTok ba sa kawowa shi ne alwala. Duk abin da kika shafa da safe, da Azahar ya tafi. Shi ya sa na daina sha'awar mai kauri: wanda ke da ruwa-ruwa, yake shigewa nan take, shi ne za ki iya maimaitawa a masallacin mata ba tare da fuska ta yi danƙo ba. A ƙa'ida ma bayan awa 2 ake sabuntawa in ana cikin rana. Yawansa kuma layi biyu ne a tsawon yatsu biyu, na fuska da wuya. Ni da ɗigo nake yi don kada ya ƙare, ashe kuɗina kawai nake zubarwa.

Ko a Sabon Gari za ki saya ko a kemis, duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma ki bar wanda aka jera a rana, zafi yana ɓata shi. Sayi ƙarami tukuna. Shafa kaɗan a bayan kunne na 'yan kwanaki. In wurin ya yi ƙaiƙayi ko ya kumbura, ba naki ba ne, ko da ya karɓi ƙawarki. In kin gwada iri-iri fuskar na ci gaba da feso ƙuraje, daina gwaji, ki je asibitin koyarwa na Shika ki nemi ganin likitan fata, ki tafi da kwalaben a jaka.