Sammako ba shi ne ciniki ba

Ƙanwata na shirin rubuta LSAT, jarrabawar da makarantun koyon aikin lauya na Amurka da Kanada ke nema. Tun Agusta 2024, biyu daga cikin sassa ukun da ake ba wa maki duk na tantance hujja ne, kowanne minti 35. Ni kuwa ɗan tumatir ne a kasuwar Mile 12 ta Legas, amma da daddare a gidanmu na Agege ni nake ja mata tambayoyin.

Tarkon da ya fi kayar da ita shi ne irin wannan: "Ba mai samun kaya masu kyau sai ya yi sammako. Wane ya yi sammako, saboda haka ya samu." Na ce mata, ke, sau nawa mutum ke isa tun asuba ya tarar motar Kano ba ta iso ba? Sammakon dole ne, amma shi kaɗai bai wadatar ba. Masu shirya jarrabawar suna son wannan tarkon ƙwarai, sai dai su sauya masa riga.

Na biyun mai sauƙi ne: a tambayi 'yan unguwar Idi-Araba kawai, a ce ra'ayin duk Legas ke nan. Wannan kam ba ta faɗawa cikinsa.