Wata Huɗu da Mega Man 2: Inda Na Kai da Inda Na Maƙale

'Yan'uwa masu koyon tsofaffin wasannin bidiyo, a daren Asabar da ta wuce na tsallake dogon ramin nan na matakin Heat Man, ɗaya daga cikin oganni takwas da ake kayarwa a cikin Mega Man 2, da ƙafata, ba tare da na hau allon tashi mai ƙetarar da mutum ba, kuma ba tare da na ajiye matsayina a wasan domin in dawo idan na mutu ko sau ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa isa wurin ya san irin wahalarsa: tubala ne suke fitowa a sarari ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya ɗan tsaya sannan ya ɓace, a ƙasa kuma da farko ruwan wuta ne, can gaba sai rami wanda duk ya faɗa cikinsa ya rasa rai. Wata huɗu ke nan da na ɗauki wannan wasa da gaske, kuma ina son in rubuta muku abin da ya canza a tsakani, domin na san da yawanku kuna nan a inda nake a farko, kuna zargin hannuwanku ko kuna zargin wasan.

Kamfanin Capcom ya fitar da wasan a Japan a ƙarshen shekarar 1988 da sunan Rockman 2, ya isa Amurka a 1989, kuma an gina shi ne domin na'urar Nintendo wadda ta fito a Japan a 1983 da sunan Famicom, a Amurka kuma a 1985 da sunan NES. Na ambaci shekarun ne saboda suna da alaƙa da matsalar da ta cinye mini makonni shida na farko. Waɗanda suka tsara wasan sun auna kowane tsalle da kowane harbi a kan tsohon akwatin talabijin mai doro, wanda yake zana hoto a kan gilashi a daidai lokacin da saƙon ya iso masa daga na'ura. Ni kuwa na jona na'urata da talabijin na zamani mai shafaffen allo, na zauna ina mamakin yadda nake danna maɓallin tsalle a bakin rami amma Mega Man, ɗan mutumin da nake sarrafawa, ya ci gaba da tafiya har ya rufta.

Dalilin ba shi da wuyar fahimta idan aka bi shi a hankali. Na'urar tana fitar da hotuna kusan 60 a cikin daƙiƙa ɗaya, wato kowane hoto yana ɗaukar kimanin kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa, kuma tana aika su a wani tsari mai layuka 240 wanda yawancin talabijin na yanzu ba su gane shi yadda yake ba. Sukan ɗauke shi a matsayin hoton tashar talabijin na da mai layuka 480 da ake sarƙa su rabi da rabi, sai su riƙe hoto ɗaya ko biyu suna ƙoƙarin haɗa su, su ƙara girmansa ya cika allo, su gyara launi, su lallashe motsi, kuma duk wannan aiki lokaci yake ci. Mai kallon fim ba zai taɓa lura ba. Mai wasa kuwa abin da idonsa yake gani ya riga ya wuce a cikin na'ura, saboda haka duk shawarar da ya yanke a makare take.

Ban yarda da wannan bayani ba sai da na gwada da kaina, kuma ina ba ku shawara ku yi gwajin kafin ku sayi komai. Na jingina wayata a kan littattafai yadda za ta ɗauki babban yatsana da allon talabijin a tare, na sa ta a tsarin ɗaukar bidiyo mai tafiyar hawainiya wanda yake ɗaukar hoto 240 a daƙiƙa, na danna tsalle sau goma, sannan na zauna na ƙirga hotunan da ke tsakanin saukar yatsa da ɗagawar ƙafar Mega Man. A wannan tsari, kowane hoto huɗu na waya daidai yake da hoto ɗaya na wasa. Abin da na samu a kan nawa talabijin ya kai hotunan wasa biyar. Da na shiga saitin talabijin ɗin na kunna tsarin da aka tanada domin wasa, na kashe duk wasu gyare-gyaren hoto, sai jinkirin ya ragu sosai, ko da yake bai tafi duka ba. Daga baya na samu tsohon ƙaramin akwati mai doro wanda har yanzu yana aiki, kuma a ranar da na jona shi ne na ji kamar an sauya mini hannu, domin tsallen yana fita ne tare da dannawa. Wanda ba shi da wurin ajiye irin wannan akwati zai iya neman ƙaramar na'urar da ake sawa tsakani, irin su RetroTINK, wadda take ninka layukan ta miƙa wa talabijin na zamani ba tare da ta riƙe hoton ba. Gargaɗi ɗaya kawai nake da shi game da mai doro: kada ku buɗe bayansa, domin yana iya riƙe wutar lantarki mai ƙarfin gaske ko bayan an cire shi daga soket.

Gyaran kaset ɗin bai ɗauke ni lokaci ba. A da, idan allo ya tsaya yana ƙyaftawa, ina cire kaset in hura masa iska da baki kamar yadda kowa yake yi, ban san damshin numfashi yana taimaka wa tsatsa ta kama haƙoran ƙarfen ba. Yanzu ina jiƙa tsinken auduga da sifirit ɗin goge kayan lantarki mai ƙarfin kashi 90 cikin ɗari ko sama, in goge haƙoran gefe biyu har audugar ta daina fitowa baƙa, in bar shi ya bushe. Haɗin NES yana da haƙora 72, kuma datti a kan kaɗan daga cikinsu ya isa ya hana wasa tashi. Ku kuma kula da adaftar wuta: ta NES ta asali wutar da take fitarwa mai kai-da-komo ce, Famicom da Mega Drive ta kamfanin Sega kuwa miƙaƙƙiyar wuta suke buƙata, kuma bakin wayar yana iya shiga ramin da ba nasa ba ya ƙona na'ura. Akwai kuma batun yanki, domin na'urorin da aka yi wa Turai suna tafiya ne a kan hoto 50 a daƙiƙa, saboda haka wasanni da yawa sun fi nauyin tafiya a kansu da kusan kashi ɗaya cikin shida, har kiɗan ma yakan ja jiki.

Matsala ta biyu daga gare ni take, kuma ita ce ta fi ba ni aiki. Kafin in samu na'urar asali na saba da buga wasan a manhajar kwaikwayo, wato manhajar da take kwaikwayon na'urar a kwamfuta, inda mutum zai iya ajiye matsayinsa a kowane lokaci ya dawo wurin idan ya mutu. Ba na ganin laifin wannan, kuma ba na tare da masu raina wanda yake amfani da shi. Ba don manhajojin kwaikwayo ba, da yawancin waɗannan wasanni sun gagari mutane samu, ita ma Nintendo da kanta ta sa ajiye matsayi da mayar da lokaci baya a cikin tsofaffin wasannin da take bayarwa a kan na'urarta ta Switch. Amma na lura da wani abu game da kaina. Na taɓa wuce matakai takwas na farkon wasan duka ta wannan hanya, ina ajiyewa bayan kowane tsalle mai haɗari, kuma da na dawo bayan mako biyu ban tuna komai ba, kamar ban taɓa shiga wuraren ba. Na wuce su, amma ban koye su ba. Wasan an gina shi ne bisa cewa za ka mutu, a mayar da kai baya, ka sake bin hanyar da ka riga ka bi, kuma a cikin wannan maimaici ne hannu yake haddace ta.

Dokar da na kafa wa kaina ita ce in yi atisaye a manhajar kwaikwayo, in yi jarrabawa a na'urar asali. Ga yadda abin ya kasance a wurin tubalan Heat Man. Na ajiye matsayi a bakin wurin, na sauke hannu daga maɓallai, na zauna ina kallo kawai har tsarin ya zagayo sau uku. A nan na fara gane cewa kunne ya fi ido amfani, domin duk lokacin da sabon tubali zai fito akwai wata ƙara da take tashi a kan tazara guda wadda ba ta canzawa, kamar bugun agogo. Na ɗauko takarda na zana tubalan da lambobi bisa jerin fitowarsu, na sa jan alama a wuraren da sabon tubali yake fitowa a saman kai daidai. Waɗannan su ne tarkon, domin idan ka jira ka ga tubalin kafin ka yi tsalle, kanka zai buge shi daga ƙasa, wanda kake kai kuma ya ɓace. Dole ka tashi tsaye sama kafin ya fito, ya bayyana a ƙarƙashin ƙafarka kana cikin iska. Na yi kwanaki ina ƙirga bugun a bakina, ina tsalle a kan ƙirga maimakon a kan gani, har ya zamana idan na rufe ido ina iya jin inda nake a cikin jerin. Wasan ya tanadi hanya mai sauƙi, wato allon tashi da ake samu bayan an kayar da Air Man, wanda yake ɗauke mutum ya ƙetare wurin, kuma ba abin kunya ba ne a hau shi. Ni dai na so in san ko zan iya, kuma daɗin da na ji lokacin da ƙafata ta sauka a ɗaya gefen ban taɓa jin irinsa ba a duk wucewar da na yi da ajiye matsayi.

Wannan takarda ta zama ɗan littafi yanzu. A cikinsa nake zana kalmar sirri ta wasan, wadda ake shigarwa domin a ci gaba daga inda aka tsaya, kuma ba haruffa ba ce, ɗigo tara ne a kan allo mai gida biyar-biyar, kuma kuskuren gida ɗaya yana ɓata ta duka. A ciki kuma na rubuta jerin da nake bi wajen kayar da ogannin matakai. Ina farawa da Metal Man saboda faifan zarton da ake samu daga gare shi ana jefa shi ta fuskoki takwas kuma ba ya cin makamashi da yawa, daga nan in tafi wurin Bubble Man da shi, makamin Bubble Man kuma shi ne lagon Heat Man. Yawan zama da wasa ɗaya ya kuma sa na fara ganin abubuwan da a da nake ɗauka lalacewa ne. Ƙyaftawar da abokan gaba suke yi idan sun taru ba daga kaset take ba. Na'urar ba ta iya zana ƙananan siffofi fiye da takwas a kan layi ɗaya, sai masu tsara wasan suka riƙa ba su layi bi da bi domin kada wani ya ɓace gaba ɗaya. Kiɗan kuwa da muryoyi biyar kacal na'urar take da su, shi ya sa idan ka yi harbi za ka ji wani sashe na kiɗan ya ɗauke na ɗan lokaci, domin ƙarar harbin ta ari muryarsa. Tun da na san haka nake ƙara girmama mutanen da suka fitar da irin wannan aiki daga na'ura mai ƙwaƙwalwar aiki ta kilobayit 2.

Yanzu ina cikin gidan Dakta Wily, babban abokin gaba na wasan, gida mai matakai shida, kuma na maƙale a ƙarshen na huɗu. Ogan wurin ba mutum ba ne, bindigogi biyar ne da aka kafa a jikin bango, wasunsu a bayan katangu, kuma babu abin da yake fasa su ko katangun sai bam ɗin da ake samu daga Crash Man, wanda cikakken ma'auninsa harbi bakwai ne kawai. Idan ka ɓata bam a kan katangar da ba dole ba, za ka tsaya hannu wofi kana kallon bindigar ƙarshe. Abin da ya ƙara wa wurin nauyi shi ne kalmar sirri ba ta riƙe ci gaban da aka yi a cikin gidan, saboda haka duk ranar da na kashe na'ura sai in faro daga matakin farko, in sake haɗuwa da dodon nan mai fiffike da yake bin mutum a kan ƙananan tubala. Na riga na zana ɗakin a littafina, na gano katangun da zan iya kewaye su ta hanyar hawa ƙananan dandamalin da aka samu daga Heat Man, kuma a manhajar kwaikwayo na yi nasara sau biyu cikin gwaji da yawa. Abin da ya rage shi ne in daina taɓa bam ɗin a kan hanya domin in isa ɗakin da ma'auni cike, in kuma koyi lokacin da bindigogin suke harbi tare, domin a nan nake asarar jini ina kan dandamali. Zan ba wa wannan ɗaki rabin sa'a kowane dare a wannan makon, idan Allah ya kai mu ranar Asabar kuma in gwada gidan tun daga ƙofa a kan na'urar asali.