Sanyin Yakutsk da Masu Shakkar Ɗumamar Duniya

Tun da na yi hunturu a birnin Yakutsk na ƙasar Rasha, na daina mamakin wanda ke shakkar ɗumamar duniya alhali ƙanƙara na daskarewa a gashin idonsa. A watan Janairu sanyi kan kai digiri 40 ƙasa da sifili, har direbobi kan bar motoci a kunne don kada inji ya daskare. Wani dattijo maƙwabcina ya taɓa ce mini, in har duniya na yin zafi, to zafin bai san hanyar garinsu ba.

Na fahimce shi, amma ban yarda da shi ba, domin sanyin rana guda daban, matsakaicin yanayin shekaru talatin daban. Hujjar ma tana ƙarƙashin ƙafarsa, kuma ita ce ta fi tayar mini da hankali. An ɗora benayen birnin a kan ginshiƙan da aka kafa cikin daskararriyar ƙasa, kuma duk inda ƙasar ta soma narkewa sai bango ya tsage, titi ya lotsa. Na ga irin wannan tsaga da idona. A ranar 20 ga Yuni, 2020, zafi ya kai digiri 38 a garin Verkhoyansk na arewacin Rasha, wanda ya yi suna wajen tsananin sanyi, Hukumar Yanayi ta Duniya kuma ta tabbatar da hakan. Yankin Aktik, wato ƙarshen arewacin duniya inda garin yake, yana ɗumama fiye da ninki biyu na sauran duniya, saboda farar ƙanƙarar da ke mayar da hasken rana tana raguwa, ruwan teku mai duhu kuwa yana shanye zafin.