Kwana biyar a Fatakwal

Shekaranjiya na dawo daga Fatakwal, har yanzu farar rigata tana jiƙe a bokiti saboda baƙar tokar garin. Da safe in ka shafa gilashin mota, yatsanka baƙi ƙirin zai fito. Ƙurar hunturun Kano ko ba komai tana wankuwa.

Bitar matasan lauyoyi ce ta kai ni, kan shari'ar gurɓata muhalli. Rana ta biyu aka yi shari'ar gwaji, aka ba ni kwalbar ruwan rijiya in shigar da ita shaida. Malamarmu, dattijuwar lauya, ita ta tsaya wa kamfanin da ake ƙara. Wa ya ɗebo ruwan? Da ƙarfe nawa? Wa ya rufe kwalbar, a hannun wa ta kwana kafin ta isa ɗakin gwaji? A tambaya ta huɗu kwalbar ta tashi daga shaida. Ta ce, "Ɗana, alƙali ba ya jin warin mai daga kujerarsa, takarda yake gani." Nan take hankalina ya koma kogin Challawa na Kano, da ruwan majemun fata da ke kwarara cikinsa. Manoma nawa suka kawo mana kuka a ofis, ba mu taɓa tura kowa ya ɗebo samfur yadda doka za ta karɓa ba.

Aka kai mu ƙasar Ogoni. A garin Bodo, inda mai ya malala a 2008, sai 2015 kamfanin mai na Shell ya amince ya biya diyyar fam miliyan 55, shi ma a shari'ar da aka shigar a Landan. Wannan ya tsaya mini a rai. Wani masunci ya tsoma sanda a laka, ya miƙo mini in sansana. Bai ce komai ba.

A shingen hanya wani jami'i ya riƙe katina kusan rabin awa, yana kirana "Aboki" da gatsali. Da dare wani Alhaji ɗan Sakkwato mai sayar da shanu ya wanke mini zuciya, ya kai ni cin gasasshiyar ayaba da kifi, ya hana ni biya. Kifin ya yi daɗi, amma kuɗinsa ya isa tsiren mutum uku a Fagge. Kuɗin masauki kuwa sai addu'a.

Ranar ƙarshe tambayoyin ƙure ga ƙwararren shaida muka koya. Jirgi ya makara awa uku. Gobe in Allah Ya kai mu zan je Sharaɗa, unguwar masana'antu a Kano inda ake da majemun fata, da kwalabe shida na ɗebo samfur.