Abin da na koya a bakin kaskon kayan Sallah a Garwa

Kayan zaƙin Sallah ba su da wuyar haɗi. Fulawa, sukari, mai, gyaɗa, riɗi da madara, duk wadda ta shiga babbar kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru, da kuɗinta za ta fito da su a buhu ɗaya. Abin da ya raba cincin ɗin da zai yi mako uku yana ƙaras-ƙaras da wanda zai saki jiki tun kafin a gama yawon Sallah shi ne ruwan da aka bari a cikinsa. A wajen goggona na gane haka. Sana'arta ke nan, yi wa gidaje kayan Sallah da na gara, ni kuma na fara da wanke mata turmi har ta yarda na tsaya a bakin kasko.

Da goman ƙarshe na azumi ya kama, takan jera aikin bisa ga abin da ya fi jure ajiya. Nakiya ce farko. A wanke shinkafar tuwo, a shanya, a niƙa, a soya garin har ya yi ƙamshi, sannan a haɗa shi da dafaffen sukari ko zuma, da citta, kanumfari da masoro, a kirɓa da man shanu. Garin ya soyu, zaƙi ya kama shi, mai ya rufe shi, don haka takan yi watanni ba ta canza ba. Shi ya sa ba a raba ta da garar amarya. Bayanta alkaki da dubulan, sai cincin, wanda maƙwabtanmu ke ce wa kroket. Tuwon madara kuwa sai daren Sallah, domin danshinsa bai ba shi kwanaki da yawa ba, ga shi wutar lantarki ba abin dogaro ba ce balle a ce firji zai yi ceto.

Inda na fi daɗewa ina koyo shi ne tukunyar sukari. Kofi 2 na sukari, kofi 1 na ruwa, kowa ya san wannan. Sanin lokacin saukewa shi ne aikin. Goggo kan ajiye kofin ruwan sanyi kusa da murhu, ta ɗiga dafaffen sukarin a ciki. In ya baje ya narke, da saura. Na tsoma alkaki da dubulan ba ya buƙatar ya kai ko'ina, ya isa in ka taɓa shi tsakanin yatsu biyu ya ja zare guda. In ɗigon ya dunƙule ya yi laushi kamar ƙaro, ya yi daidai da alawar madara. In ya faɗa ruwan ya daskare har ana jin ƙas idan an karya shi, to na kantu ne da alawar gyaɗa, kuma a nan babu waiwaye. Tsakanin wannan da ƙonewa bai fi ka juya ka amsa sallama ba.

"Ke 'yar nan, idonki a tukunya," haka takan ce da ni ko da baƙuwa ce ta shigo.

Tana kuma matsa lemun tsami ko ɗan ruwan tsamiya tun sukarin bai yi kauri ba. Mutane na ɗauka don ɗanɗano ne kawai, amma tsamin ne ke hana sukari komawa ƙwaya-ƙwaya idan ya huce. Duk alkakin da kika gani ya yi farin ɓawo a jiki, ruwan sukarinsa bai ga tsami ba, ko an yi ta juya shi da ludayi yana tafasa.

Mai ma da nasa hukuncin. Mu a nan mun saba da Diamaor, man irin auduga da kamfanin auduga na Sodecoton ke tatsa, kuma ya dace da dubulan tunda ba shi da ƙamshin da zai danne na kayan. Man gyaɗa ya fi daɗi a cincin, a ganina, sai dai tsada. Ko wanne aka zuba, alkaki ba ya son wuta mai ƙarfi. Ɓarzajjiyar alkama ce da ta kwana ta yi tsami, in man ya yi zafi da yawa bayanta zai yi ja cikinta ɗanye, bayan kwana biyu sai hunhuna. A bar shi ya soyu a hankali har kumfar man ta lafa, alamar ruwan cikinsa ya fita ke nan.

Ga wadda ba ta da mataimaki kuma tana son abin da za ta ba yara masu barka da Sallah, ni kantun riɗi nake ba ta shawara. Riɗi na shigowa da yawa daga Chadi. A rege shi sosai saboda tsakuwa, a shanya ya bushe ƙayau, a soya sama-sama har ya fara tsalle a kasko. Kofi 2 na riɗi, kofi 1 na sukari. A juye a faranti da aka shafa wa mai, a murza da kwalba, a yanka tun da ɗuminsa, don in ya huce wuƙa ba ta shiga. In gyaɗa ce, a zauna a tsince masu baƙi da masu hunhuna ɗaya bayan ɗaya. Ƙwaya guda mai ɗaci tana ɓata baki, kuma cutarwa take yi.

Yanayi ma yana shiga lissafi. Ƙaramar Sallah ta 2025 ta zo a ƙarshen Maris, lokacin da zafin Garwa kan haura digiri 40, sai muka mai da suya bayan asham zuwa sahur. Amfanin rani shi ne iska a bushe take, kantu ba ya narkewa. Da yake watan Sallah na matsowa baya da kusan kwana 11 duk shekara, waɗanda suka yi wannan aiki a shekarun da ta faɗo cikin damina sun san yadda alawa ke tsotsar danshi ta manne a leda. A kowane hali, kada a rufe abu da sauran zafinsa. A baza shi a tire ya huce sarai, sannan a zuba a bokiti mai murfi, kuma kada alkaki mai ruwan sukari ya haɗa mazubi da cincin.